Gudumomin Baba Genzo

Shekara hamsin da biyu babana Genzo ya yi yana bugun jikin mota a rumfar da ke bayan gidanmu a garin Kiryu. Ni ban gaje shi ba. Ina gama makaranta na ranta a na kare, na samu aikin ofis, inda babban abin da nake ɗauka shi ne kofin shayi. Bai taɓa yi mini gori ba, kuma shirun nan nasa ya fi gorin ciwo.

Sai ga ɗana Itsuki ya tashi da son mota kamar ya yi hauka. Shi da abokansa sun san sunan kowace mota da shekarar da aka ƙera ta, suna jin ƙarar inji daga nesa su faɗa maka irinsa. Amma ka miƙa wa ɗayansu sifana, sai ya ciro waya ya tambaye ta ina ake juyawa.

A shekarar da hannun Baba ya fara rawa, Itsuki ya sayo wata tsohuwar mota ja, ƙofarta ta hagu a lotse. Baba ya sa farar safar hannunsa, ya shafa lotsawar ido a rufe, yadda ya saba.

"Kai malalacin gida, zo nan," ya ce da shi.

"Ga ni, tsoho mai ran ƙarfe. Za ka gyara min ne, ko hannun ya ƙi?"

"Kai za ka gyara. Saura wata biyu a yi bikin sallamar kayan aiki a haikali. In ka tayar da ƙofar nan da guduma kafin ranar, akwatin gudumomina naka ne. In ka kasa, can zan kai su."

Kayan aikin da aka kai haikali an gode musu ke nan, a yi musu addu'a, a sallame su, ba mai sake ɗaukarsu. Gudumomi goma sha bakwai ne a akwatin, kowace ƙota ta lotsa daidai yatsun Baba. Ina son su zauna a gidan nan, ko da ba a hannuna ba.

Ba zan yi wa yaron ƙarya ba, ya yi ƙoƙari. Kullum ya taso daga aiki sai ya shige rumfa. Baba na zaune kan kujera, hannuwansa na karkarwa a cinya, yana ta faɗa.

"A hankali! Ƙarfe ne, ba ɓarawo ka kama ba."

"To Kaka, nuna min mana."

Nan ne matsalar take. Baba ya karɓi guduma, ta yi ta rawa a hannunsa, ta sauka inda bai nufa ba. Abin da ya sani a tafin hannunsa yake, bakinsa bai taɓa koyon faɗarsa ba. Iyakarsa ya ce, "Ka ji ƙarfen." Itsuki ya ce shi ba ya jin komai sai ciwon kafaɗa.

Ana saura sati guda a yi bikin, Baba ya kwanta asibiti kwana biyar. Ranar da muka dawo da shi, muka tarar da motar a tsakar gida, ƙofa sumul, an fesa mata fenti, tana ƙyalli har kana ganin fuskarka. Abokan Itsuki sun kewaye ta suna ɗaukar hoto. Na shafa ƙofar, na rungume ɗana, na ce, "Baba, ka gani? Jini ba ya ɓuya!" Har da ƙwallata.

Baba bai sa safar hannu ba. Ya dogara sandarsa ya shiga kicin, ya ciro ɗan maganaɗisun da matata ke liƙa takardar cefane da shi a jikin firji. Ya ɗora shi a bayan motar, ya kama. Ya ɗora a gefen ƙofar, ya kama. Ya kai shi tsakiya, inda lotsawar take a da, ya saki. Maganaɗisun ya zame ya faɗi ƙasa.

Ba ƙarfe a wurin. Fila ce, ƙullun nan da ake cike ramin jikin mota da shi, an lafta ta da kauri, an goge, an rufe da fenti.

Itsuki ya sunkuyar da kai. "Kaka, na buga har ƙarfen ya saki, ya zama kamar ganga. Kowa haka yake yi yanzu. Na so ka dawo ka ga abin da zai faranta maka rai."

"Na sani, ɗan nema," in ji Baba. Bai ko ɗaga murya ba. "Kai aƙalla ka san abin da ka ɓoye."

Sai ya juyo ya dube ni.

"Kai fa, Noboru? A rumfar nan ka yi rarrafe. Ka shafa ƙofar nan da hannunka, ba ka ji komai ba?"

Ban ji ba. Shekara arba'in da takwas ina ɗan Genzo, na shafa fila na kira ta aikin hannu. Kunyar da na ji ranar har yau ba ta sake ni ba.

Ranar Lahadi muka tafi haikali. Ni na ɗauki akwatin, don Baba ba zai iya ba. A kan teburin akwai almakasan tela, da wuƙaƙen mai yanka kifi, da zartunan wani kafinta da na sani tun ina yaro, masu kayan duk tsofaffi. Malamin haikali ya kunna turare ya fara addu'a. Baba ya fito da gudumomin ɗaya bayan ɗaya, yana sunkuya wa kowace.

Da ya zo kan ta ƙarshe, 'yar ƙarama mai baƙar ƙota, Itsuki ya riƙe masa hannun riga.

"Kaka, bar min wannan. Ɗaya kawai."

"Ka yi me da ita?"

"In rataye ta a ɗakina, in riƙa tunawa da kai."

Baba ya zare hannun rigarsa, ya ajiye gudumar kusa da 'yan'uwanta.

"Ba ta saba da rataya ba," ya ce.

Na dawo gida da akwatin, ba nauyin komai a cikinsa.