Barcin Asger a Tsakar Gida

Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku.

Ta ƙaraso, muna saurare.

A garinmu na bakin teku, yammacin yankin Jylland, ƙasar sanyi, jariri ba ya barcin rana a ɗaki. Ko dusar ƙanƙara ake yi, sai a naɗe shi da bargo, a sa shi a kekensa na jarirai, a tura tsakar gida ya sha iska. Haka aka yi mana, haka muka yi wa namu.

To, maƙwabciyata Gudrun ita ke renon jikanta Asger, don uwarsa Solvej tana aikin auna tsabtar iskar gari. Wata rana muna shan kofi, sai ga Solvej, ko rigar sanyi ba ta cire ba.

"Mama, duk ranar da gari ya yi garau kuma babu iska, kar ki fitar da shi."

"Ji mini yarinya," in ji Gudrun. "Ranar da rana ta fito zan ɓoye shi? Dankali ne, da za a ajiye a duhu?"

"Warin nan na masana'antar niƙa kifi, akwai wani sinadari a cikinsa, ana ce masa amin. Shi kaɗai wari ne kawai. Amma in rana ta dafa hayaƙin jiragen ruwa, suka haɗu, sai su ƙulle su zama ƙura mai laushin da ido ba ya gani. Har ƙasan huhu take sauka."

"A warin nan na rene ki, malamar iska. Ga ki nan, baki kamar rediyo."

Na yi dariya, Solvej ba ta yi ba.

Asger ya fara tari, Gudrun ta ce ai ƙarin iska yake bukata.

Ranar da abin ya faru, sama tas, tutar bakin tashar jiragen ruwa ko motsi ba ta yi. Gudrun ta tura keken waje. Ina shanya, na ga hasumiyar coci ta soma dusashewa, wani shuɗi-shuɗi ya lulluɓe ta, alhali babu gajimare. Maƙogwarona ya ɗauki ƙaiƙayi. Lokacin tashin yaro ya yi, ya wuce, babu kuka.

"Gudrun," na kira ta ta kan katanga, "yau mutuminki ya makara."

"Ba na gaya miki ba? Iska ce ke sa su barci mai daɗi."

Ta ɗaga bargon. Idonsa biyu. Ƙirjinsa na lotsawa, yana fito siriri kamar buta a kan wuta, leɓɓansa sun canja launi. Ashe numfashin kukan ne ba shi da shi.

Asger ya rayu, amma har yau da maganin shaƙa a aljihu yake zuwa makaranta. Solvej ta ɗauke shi sun koma cikin ƙasa, nesa da teku. Gudrun tana nan, ta cika keken da ƙasa ta shuka furanni. Ni kuwa in gari ya yi garau, rufe taga nake yi. Sabbin maƙwabtanmu sun haihu. Na gaya musu, sun yi godiya, kekensu yana tsakar gida.