Ɗakin da Ya Tare Ruwa

Musaddiq na tsakiyar nuna wa jama'a wani shuɗin zane a jikin taswira, yana cewa, "Wannan kududdufi ne, ba za a yanka shi a sayar ba ko nan da shekara ɗari," sai idonsa ya faɗa kan Malam Mamman magini a bencin baya. Nan take ya kawar da kai ya koma kallon taswira.

Taron na sabuwar unguwar da za a yanka ne a bayan garin Tudun Wada, ta hanyar Doguwa, kuma Musaddiq ne ya zana ta tun daga farko har ƙarshe. Zane ne na a zo a gani. Kowane layi da magudanarsa, kowace ƙofar gida da gurbin bishiya biyu, an bar wa shanu burtali, an bar kududdufai uku inda ruwan sama zai taru ya nutse a ƙasa maimakon ya bi mutane har gado. Shugabansa a ofis, Injiniya Mainasara, har Kano ya kai zanen yana taƙama da shi. Yau kuma an tara masu unguwanni da manoma da Fulanin rugagen kusa a ajin wata firamare don su ji da kunnensu.

Abin da babu a taswirar shi ne ɗakin Musaddiq. Shekara huɗu da suka wuce, da zai yi aure, gidansu na gado a tsohuwar unguwa ya yi musu kaɗan. A bayan gidan akwai lungun da ruwan unguwar ke bi ya faɗa kududdufi. Ya sa aka yi ta zuba shara da ɓaraguzai har wurin ya cike, kamar yadda kowa ke yi in ya samu ido ya kau, ya ce zai ɗora ciki da falo. Ya kira Malam Mamman ya yi ginin, maƙwabcinsu na katanga ɗaya, aminin marigayi mahaifinsa. Ranar haƙa harsashi tsohon ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Musaddiƙu, nan fa hanyar ruwa ce." Shi kuwa lokacin sabon digiri na yi masa ɗumi a aljihu. Ya yi dariya ya ce, "Baba, ai ruwan nan shi na yi shekara biyar ina karantawa." Tsohon ya ja igiyarsa ya fara awo.

To, shi ruwa bai je jami'a ba. Da ya zo ya tarar an toshe masa hanya, sai ya karkata gidan Malam Mamman, wanda ginin ƙasa ne. Damina uku yana cin gindin katanga. Ran Talatar nan da la'asar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, zaure da ɗaki ɗaya suka zube. Saura ɗaki guda, inda tsohon da matarsa Inna Furera suka cusa komatsansu, shi ma bangonsa ya tsage. Musaddiq da kunnensa ya ji rugujewar. Bai je jaje ba. Kwana biyu ke nan yana zagayawa da babur ta bayan masallaci don kada ya bi ta ƙofar gidan.

Ya ƙarasa bayaninsa da ƙyar, yana maimaita abin da ya riga ya faɗa. Injiniya Mainasara ya ce ko akwai mai tambaya. Malam Mamman ya ɗaga hannu, ya dafa benci ya miƙe.

Musaddiq ya ce a ransa, shi ke nan, yau asiri ya tonu. Har wani ɓangare na zuciyarsa ya so a tona ɗin, a zage shi a gaban kowa ya huta.

"Ranka ya daɗe," in ji tsohon, "ni ba tambaya gare ni ba. Wannan da ya yi bayani ɗanmu ne, a gabanmu ya girma, kuma duk abin da ya faɗa a kan ruwa gaskiya ne. Allah ya ƙara basira. Roƙo ɗaya na zo da shi. Mu ma a tsohuwar unguwa ruwa na neman hanya, kuma yanzu ɗakina da ya rage shi ne a bakinsa. In hukuma za ta taimaka ta rushe shi ta yi magudana ta wurin, unguwa ta huta. Ni da tsohuwa sai mu koma Ba'awa wurin 'yarmu. Mu mun ci zamaninmu, sauran gidajen kuwa da ƙananan yara a ciki."

Waɗanda ba 'yan unguwar ba suka ɗau tafi. Injiniya Mainasara har tashi ya yi ya kama hannun tsohon da hannu biyu. "Kun ji dattako! Musaddiq, rubuta sunansa. Gobe da kanka za ka je ka auna wurin."

Musaddiq ya rubuta. 'Yan tsohuwar unguwa sun kai goma a ajin, har da mai unguwa, kuma kowannensu ya san ɗakin wa ke zaune a kan lungun. Ba wanda ya dube shi. Wani na gyara hula, wani na kallon silin. Da ma harararsa suka yi da ya fi masa sauƙi. Tun da yake bai taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba.

Da aka tashi bai tsaya cin shinkafar taro ba. Hadari ya fara haɗowa daga gabas, baƙi ƙirin, iska na kaɗa ganyen dawa a gonakin bakin hanya. Ya shiga gida ya tarar da matarsa Ramla tana kwashe shanya, 'yarsu Husna na goye.

"Abban Husna, lafiya? Ko taron bai yi kyau ba?"

"Ya yi kyau. Har tafi aka yi." Ya zauna a bakin ƙofar falon, ya shafa bangon da aka yi wa fenti ruwan madara. "Baba Mamman ya roƙi a rushe ɗakinsa a yi wa ruwa hanya. Ni aka ce in je in auna."

Ramla ta tsaya da zani a hannu. Can ta ce, "Jiya Inna Furera ta aiko mini da zogale. Gidanta a zube, amma ta tuna ina shayarwa. Na kasa ci, yana nan a rufe."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Kai me ya sa kake bi ta bayan masallaci?"

Musaddiq ya leƙa falon: kujerun aurenta, labulen da ta ɗinka da kanta, firij ɗin da ba su fi wata shida da kawowa ba. In ɗakin nan ya tafi, tsohon ɗakin mahaifinsa za su koma, mai taga ɗaya, kusa da turken awaki. Ya faɗa mata haka, yana kallon ƙasa.

"In an share shi ai ɗaki ne," ta ce. Ta ajiye zanin ta fara sauke labule.

Musaddiq ya fita, wannan karon ta ƙofar gidan Malam Mamman. Babu zauren da zai tsaya ya yi sallama, sai ya tsaya a kan tulin ƙasar da ta kasance zaure. Tsohon na tsugune yana tokare tsagaggen bango da azara. Musaddiq ya durƙusa har gwiwarsa ta nutse a caɓi.

"Baba, sannunku da wannan abu. Allah ya mayar da alheri. Na makara."

"Amin, amin. Tashi, kada ka ɓata kayan ofis. Awon ne ba za a jira goben ba?"

"Ba awo na zo ba, Baba." Ya ɗago kai. "Diga na zo ka ara mini."

Malam Mamman ya dube shi. Bai tambayi abin da za a yi da ita ba. Ya shiga ɗaki ya fito da diga, ya duba ƙotarta, ya miƙa masa. An fara yayyafi.

"Ka fara ta kusurwar gabas ta ɗakin naka," in ji shi. "Bulon wajen da ƙasa na ɗora shi, ban sa siminti ba. Na san wata rana za ka buƙaci ya zo da sauƙi."