Jan Gemun Wouter

"Rufe tagar nan, mutum ya cika!" Neeltje ta daka wa mai zanen tsawa.

"Iya, ki bar min hasken kaɗan," in ji Lieven, bai ko ɗago kai daga allonsa ba. "Gemun kawai ya rage."

Gemun! Dama ta sani. Sati uku ke nan wannan ɗan iskan yana sintiri ɗakin tsoho Wouter mai tufka igiyar jirgi, wai dubiya, alhali ko tuffa ɗaya bai taɓa kawowa ba. Ita ce maƙwabciyar da ke kai masa romon wake, ita ke juya shi a gado, yau da hantsi kuma a hannunta ya cika. A nan garin Haarlem wa bai san mai jan gemu irin na Wouter Yahuza ake mai da shi a zane ba, almajirin nan da ya ci amanar Yesu? Wani attajirin mai giya ya ba Lieven aikin zanen jibin ƙarshe da Yesu ya ci da almajiransa, za a rataye shi a falon da rabin gari ke shiga. Ke nan har jikokin jikoki za su riƙa nuna fuskar bawan Allahn nan suna cewa ga maci amana.

Ta dire kwanon ruwan wankan gawa, ta fizgo allon. Ai kuwa, ga Wouter can ƙarshen tebur, ya kau da kai, hannunsa cikin akushi ɗaya da na Almasihu.

"Amma kai dai an yi marar kunya! Ka jira ciwo ya kwantar da shi ka sace masa fuska? Wallahi sai na wanke wannan da ruwan zafi."

"Ni Bitrus, babban almajirin, na so in yi da shi."

"Ƙarya kake!"

"Ki tambayi matata, a gabanta aka yi. Da ƙafarsa ya zo shagona tun kafin ya kwanta. Ya ce Yahuza ko ya fasa." Lieven ya goge yatsunsa a tsumma, muryarsa ta yi ƙasa. "Ya ce in an gama ke za a fara nuna wa. Wai shekara ashirin yana neman bakin gaya miki, kullum sai ki shigo da romo."

Shekara ashirin. Ta jingine allon da bango. A shekarar ne wani ya tsegunta wa hukuma cewa 'yan Katolika, waɗanda aka haramta wa ibada a garin, na taruwa a ɓoye a saman benen gidanta. Aka kori mijinta Claes daga gari cikin hunturu, ya mutu ko bazara bai gani ba. Babu wanda ba ta zarga ba a layin: mai burodi, matar mai kifi, har ƙanwarta, wadda suka rabu ba sa ga maciji. Ban da Wouter, wanda ya gyara mata ƙofar da aka ɓalle.

"Fita," ta ce.

Ya kwashi komatsansa ya fita, allon ya bari jingine da bango.

Ta so ta bi bayansa, Allah ya sani ta so. Amma wankan gawa na maƙwabci ne, kuma duk layin babu wanda zai zo in ba ita ba. Ta ja tagar ta rufe, ta zauna a bakin gado da tsumma a hannu. Ruwan kwanon yana ta hucewa, ita kuwa ba ta tsoma hannu ba tukuna.