Bidiyon Baba Gabdo

Ina cikin matse wanki na ji muryar Aisatu tana cewa kada su ɗaga shi. Na leƙa ta kan katanga, sai na ga samari biyu sun kinkimo Baba Gabdo daga ɗaki, da katifar da komai, suna neman inda haske ya fi kyau a tsakar gida. Wani kuma yana kafa kyamara. Ko hannu ban goge ba na zaga na shiga.

Mutumin nan fa ya daɗe bai iya zama da kansa ba. Asibiti sun sallamo shi, sun ce a koma gida a yi ta addu'a. Aisatu 'yarsa ke jinya, ni kuma ina dama masa kunu da safe, don tun ina amarya a Kolere yake maƙwabcina, kuma bai taɓa kirana Dibora kawai ba, sai ya ce "'yata".

Mai kyamarar ya ce sunansa Mubashshir, daga banki yake. Ana shirin bikin cika shekara talatin, Ciyaman ya ce lalle a sa fuskar Baba a bidiyo. Aisatu ta roƙe shi ya dubi halin da tsohon yake ciki. Baba ne da kansa ya ɗaga hannu ya ce a bar su. Ina jin ya jima yana jiran wani ya zo ya tambaye shi.

Duk tsofaffin unguwarmu sun san asalin bankin nan. A shagon ɗinkin Baba aka fara shi. Shi ya fitar da kekunan ɗinkinsa waje, aka sa benci da akwatin ƙarfe. A lokacin manyan bankuna ba sa kallon manomi ko mai tallan kifi. Baba ya yi ta yawo a keke har Bahuli, damina da rani, yana lallashin mutane su amince. Da aka dawo daga gudun hijira aka tarar an ƙone ginin, shi ya zauna a gindin dogon yaro yana ba mutane haƙuri kada su watse. Yau banki ya zama bene mai gilashi, da reshe a Gella, da mai gadi wanda bai san Baba ba.

Suka jingina shi da matasai, suka cire masa hularsa, suka kifa masa hana-salla mai tambarin banki. Sannan Mubashshir ya durƙusa ya gaya masa abin da zai faɗa: marigayi Alhaji, mahaifin Ciyaman, shi ya yi hangen nesa ya kafa banki, talakawa kuma suna godiya.

Baba ya dube shi.

"Alhaji ya zo daga baya, yaro," in ji shi. "Mata ne ya fara. Falmata mai kifi, da Elizabet na Bahuli. Su ya kawo adashensu. Da su bai yarda ba, babu banki."

Muryar tana fita da ƙyar, amma ya ci gaba. Ya faɗi yadda Falmata ta kwana biyu tana gaba da mijinta a kan maganar, da yadda Elizabet ta tsaya a ƙofar coci tana kiran mata ɗaya bayan ɗaya. Aisatu ta tsaya da buta a hannu, don ita ma ba ta taɓa jin wannan ba. Ni kaɗai na lura Mubashshir ya riga ya kashe kyamara, yana danna waya.

Ya ce a sake. Baba ya sake farawa daga Falmata. Mubashshir ya ce a kuma sakewa, a taƙaita, a ambaci Alhaji kawai. Ga zafin bazara, rana ta cinye inuwar, gumi na bin wuyan tsohon, numfashinsa yana sarƙewa.

Ban san lokacin da na tsaya a gaban kyamarar ba. Na ce wa Mubashshir ko akuya ba a bari a rana haka, kuma in uban Ciyaman ne a kwance a katifar nan ba za su yi masa haka ba.

"Madam," ya ce, ko kallona bai yi ba, "ke ba ki cikin shirin nan. Matsa kaɗan."

Aisatu ta tallafo kan mahaifinta ta ba shi ruwa. Ya kurɓa, ya dube ta, ya ce mata "Useko," godiyarsu ta Fulatanci. Mubashshir ya ce shi ke nan, wannan ma ya isa. Suka naɗe kayansu suka tafi. Ni da Aisatu muka ja katifar zuwa ɗaki, don ba su tsaya mayar da shi ba.

Daga ranar Baba bai ƙara doguwar magana ba. Ranar Alhamis bayan asuba na ji kukan Aisatu. Kafin azahar maza sun kai shi sun dawo.

Washegari bidiyon ya shiga wayoyin mutane. Hoton Alhaji ne ya cika fuskar wayar, da kiɗa, sai ga Baba a gefe da hana-salla yana cewa "Useko". Babu Falmata, babu Elizabet. Aisatu ta kalla sau ɗaya ta kifa wayar a kan tabarma.

Banki ya aiko da rumfuna biyu ƙofar gidan, kowace da sunansa da manyan baƙaƙe. Masu ta'aziyya suka yi ta sa albarka. Ran sadakar uku, malamai sun zauna ke nan, sai ga motar banki. Direban ya ce a yi haƙuri, yau ne bikin, rumfuna sun kasa a filin taro. Ana cikin addu'a suka kwance su a kan mutane.

Tsofaffi suka miƙe a hankali, suka ja tabarminsu zuwa jikin katanga inda 'yar inuwa ta rage. Suka jeru a takure, gwiwa na gugar gwiwa, liman ya ɗaga hannu ya ci gaba daga inda ya tsaya.