Masu Datsa a Hawan Sama

Gidan su Casilda ya haura shekara ɗari yana matsar inabi a kan dutsen nan da ke sama da kwarin Cinti, inda baƙo kan tsaya ya dafa gwiwa kafin numfashinsa ya dawo. Gonar hawa-hawa ce kamar matakala. Hawan ƙarshe na mahaifinsu ne, tsoho Anselmo, wanda bai taɓa yarda wani ya sa wa kuringar inabin wurin almakashi ba, har ya rasu ana gama ɗiban inabin bara.

Su biyu suka rage, ita da yayanta Fermín. Da sanyi ya shigo suka datse rassan hawan ƙasa kaf, na saman kuwa kowa ya riƙa tura wa ɗan'uwansa. Ranar wata Talata Casilda ta gaji da jira, ta ɗora hularta ta hau.

Sai ta tarar an datse layi huɗu. Yankan sabo ne, ko bushewa bai yi ba. Ta sunkuya ta duba da kyau: kowane yanka ya karkata hagu. Bahago ɗaya aka taɓa yi a gidan nan.

Ta sauko ta sami Fermín a ɗakin randuna yana ɗanɗana giyar bara.

"Yaya, kai ka hau sama?"

"Da wace gwiwar? Ko aron taki na yi?"

"To an datse layi huɗu. Da hannun hagu."

Ya yi dariya. "Tsohon ne mana. Mutumin da bai ji maganar likita ba, kabari ne zai riƙe shi?"

Amma da ya zo zuba wa ƙasa ɗan ɗigon da yake rabonta kamar yadda aka saba, sai ya juye kofin duka.

Hanyar sama ɗaya ce, ta bakin madafa take bi, Casilda kuwa ba ta ga kowa ya wuce ba. Almakashin tsohon na nan rataye a ƙusa, har ya fara tsatsa. Duk da haka kullum ta leƙa sai ta ga an ƙara layi. Fermín ya bar barkwanci, miyar gyaɗar da yake so ma sai ya ture kwanon.

"Saura layi nawa?" ya kan tambaya.

"Tara, Yaya."

"Ya yi masa yawa, shi kaɗai."

Ranar Asabar da rana tsaka ta bar shi zaune a kujera yana shan hantsin da ya wuce shi, ta sake hawa. Rana tar, ba iska, ba ko kukan tsuntsu. Tana kaiwa ta ji ƙarar almakashi: ƙyas, ƙyas, a layin da ke gabanta. Ta zagaya, ba kowa, sai reshe guda da ke lilo. Ƙarar ta koma layi na gaba.

Ta daure ta yi magana. "Baba, ka huta haka nan. Za mu ƙarasa."

Aka yi tsit. Har ta fara sauke ajiyar zuciya, sai ƙarar ta dawo, wannan karon biyu: ɗaya a gabanta, ɗaya a bayanta, a hankali. Sannan aka yi tari. Tarin Fermín ne, wanda ta shekara hamsin tana ji ta bayan bango, ba ta buƙaci waiwayawa ba.

Ba ta san yadda ta sauko ba. Fermín na nan a kujerar, hula ta rufe masa fuska, hannunsa ya riga ya yi sanyi.

Kafin a gama addu'ar kwana tara an datse hawan sama duka. Inabin da ya yi a shekarar bai taɓa yin irinsa ba. Masu saye daga garin Tarija suka yi ta santin giyar, ita kuwa ko ɗigo ba ta kai bakinta ba.

Bayan an gama matsa, ta je gidan maƙwabciyarta Remigia da ɗan akwati a kulle.

"Mene ne a ciki, ƙawata?"

"Almakashina. Zan riƙa zuwa ina karɓa lokacin datsa. Ranar da kika ji na mutu, kafin ki fara kuka, ki kai shi kogi ki jefa."

"Kogi kuma?" in ji Remigia.

"Ni in na mutu hutu nake so, ba datsa ba," in ji Casilda, ta miƙa mata makullin.