Hannun Farfesa

Kowace safiya Dakta takan naɗe hannun rigarta, ta zura damtsenta cikin kejin sauro, su sha jininta su ƙoshi. Haka ake ciyar da su a ɗakin binciken. Ita ta raini wannan zuri'a shekara da shekaru, har ta gano abin da ke hana su ɗaukar ƙwayar zazzaɓi. Farfesa, shugaban sashen, ko leƙa kejin ba ya yi. Shi da ƙaiƙayi ba sa ga-maciji.

Sai ga shi wata safiya ya shigo yana naɗe hannun riga.

"Kawo in taya ki, 'yata. Kin sha wahala."

Ta matsa ta ba shi wuri, amma hankalinta bai kwanta ba. Mutumin da ko gaisuwa sai ya ga dama yake amsawa? Ga shi ana ta raɗe-raɗin aikin ya kai zagayen ƙarshe na babbar lambar yabon kimiyya ta ƙasa, wadda suna ɗaya tak ake rubutawa a jikinta.

Da ta faɗa wa mijinta, dariya ya yi. "Ke ma dai. Mutum ya ba sauro jininsa, ki ce da wata a ƙasa?"

Ta ji kunya. Amma Farfesa ya ci gaba da zuwa, kuma ta lura ya koma sa riga mai gajeren hannu. Maganin shafawar da ta ba shi yana nan kan teburinsa, ko buɗe shi bai yi ba.

Ranar da alƙalan lambar suka zo duba aikin, hannun Farfesa ya yi rudu-rudu. Shugabarsu, wata dattijuwa masaniyar lissafi, ta gyara tabarau.

"Farfesa, da jikinka kake ciyar da su?"

"To, yaya za a yi, ranki ya daɗe? Ai bincike sai da haƙuri."

Bai yi ƙarya ba, abin da ya fi ƙona wa Dakta rai ke nan. Ta janye hannun rigarta ita ma, ta miƙa damtsenta. Fata sumul. Yawan cizo ya sa jikinta ya saba, ya daina tashi tun tuni. Duk mai kiwon sauro ya san haka, kuma Farfesa ne ya koyar da ita a aji.

Dattijuwar ta dubi hannun, ta yi murmushi.

"Kin yi sa'ar shugaba, 'yata. Bai bari sun taɓa ki ba."