Kwali Biyu na Bunduƙ

Duk 'yan Damagaram da ke zaune a Riyad sun san Issoufou ya dace da ubangida. Shekara biyu ke nan yana tuƙa Abu Nayif, wani dattijon Balarabe da ya yi ritaya daga koyarwa, a unguwar Al-Naseem. Ɗakinsa na direba yana bakin get, da na'urar sanyi mai aiki lafiya lau, ba irin ta wasu ba mai ƙara kamar injin niƙa. Iƙamarsa, wato katin izinin zama, ba ta taɓa mutuwa ba a sabunta ta ba. Abin da aka ci a cikin gida shi ake miƙo masa. Har tumbi ya ajiye, wallahi, matarsa Sahadatou tana tsokanarsa a waya wai ya rage cin shinkafar Larabawa kada yara su kasa gane shi.

Larabcinsa dai na bakin aiki ne: dama, hagu, tsaya nan, nawa ne. Inda ya kakare sai ya laluba da Hausa, kuma sau da yawa yana dacewa, don ya lura kalmominmu da nasu 'yan uwa ne. Su ce sabun, mu ce sabulu. Su ce basal, mu ce albasa. To, wannan wayon nasa ne ya kusa kai shi ya baro.

Wata Alhamis a shekarar 2017, suna dawowa daga asibiti, tsohon ya ce masa daga kujerar baya:

"Ya Yusuf, gobe ƙanena zai sauka daga Turkiyya ƙarfe biyar. Shi zai wuce Dammam. Ka je filin jirgi ka karɓo mini kwali biyu na bunduƙ a hannunsa."

Bunduƙ! Gaban Issoufou ya yanke ya faɗi. Ko yaron goye ai ya san 'yar uwar wannan kalma a Hausa: bindiga. Kuma daga Turkiyya! Ba a daɗe ba ya ji a rediyo an kama bindigogi a tashar ruwan Legas, an ce daga can aka yo odarsu. Ya ce, "Hadir, Baba," wato an gama, don bakinsa ya saba.

Washegari bayan sallar Juma'a ya nufi unguwar Manfuha, zuwa gidan da 'yan uwa ke haɗuwa cin tuwo. A can ya ja Malam Tamimu gefe, wani Bazazzagi da ke karatun Shari'a a jami'a. Da ma ya faɗa masa kalmar yadda ya ji ta, da magana ta ƙare a nan. Ina! Sai gogan naka ya fassara ta da kansa.

"Malam, maigidana ya aike ni ɗauko bindigogi. Kwali biyu."

Tamimu ya ajiye cokali. "Subhanallahi! Yaya Issoufou, ka san me kake faɗa?"

"Da kunnena na ji."

"To saurara. A ƙasar nan ko ɗan ƙasa ba ya riƙe makami sai da lasisi, kuma lasisin na mai sunan ne shi kaɗai, ba ya bin mota, ba ya bin direba. Kai baƙo ne. In aka tsayar da kai a shinge aka buɗe but ɗin mota aka gani, kurkuku ne, ga tara, in ka gama a tasa ƙeyarka gida. Kafin a tambayi wa ya aike ka, za a fara da a hannun wa aka samu."

"In na ƙi kuma ya sallame ni fa? Shi ne kafilina, iƙamata a ƙarƙashinsa take."

"Wannan kam ban da maganinsa," in ji Tamimu. "Amma gara sallama da sarƙa."

Tuwon nan bai ciwu ba. A hanyar komawa Issoufou ya yi ta tunanin ɗakinsa mai sanyi, da tsohon da bai taɓa ɗaga masa murya ba, da 'yarsa Biba da ta shiga aji uku bana. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don yana son aikin, kuma yana son mutumin.

Ƙarfe uku ya yi sallama a majalisin gidan, wato falon baƙi. Abu Nayif yana kishingiɗe da butar gahawa a gabansa. Issoufou ya durƙusa, ya ajiye makullin mota a kan darduma.

"Baba, Allah ya ƙara maka tsawon rai. Ma agdar. Ba zan iya ba."

"Me ba za ka iya ba?"

"Bunduƙ. Mamnu ne, doka ta hana. Akwai shurɗa, akwai kurkuku."

Tsohon ya gyara tabarau. "'Yan sanda? A kan bunduƙ?"

Ganin magana ba ta kai ba, Issoufou ya ɗaga hannaye biyu, ya kanne ido ɗaya, ya saita bango. "Bunduƙ, Baba. Tau! Tau!"

Sai dattijon nan ya kece da dariya, har da riƙe ciki, har ƙyallen kansa ya zame. Da ƙyar ya miƙa hannu ya jawo wani faranti da ke gefen dabino, ya tura gaban Issoufou. Wasu 'yan ƙwallaye ne masu ruwan ƙasa, kamar gujjiya.

"Wannan shi ne bunduƙ. Ci! Waccan taka bunduƙiyya ake ce mata. Matata, Uwar Nayif, ce ke so, za ta yi alawar Idi."

Kai! Issoufou ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya ɗauki ɗaya ya jefa a baki don ya samu abin yi. Ga ta da gardi kuwa, kamar gyaɗar da ta ji yashi.

Dariyar tsohon ta lafa a hankali. Ya share hawaye, ya kalli makullin da ke kan darduma, fuskarsa ta canza.

"Tun jiya kana ɗauke da wannan a ranka? Ka yarda zan jefa ka cikin wuta?"

"Ban so yarda ba, Baba. Kunnena ne ya cuce ni."

"Da gaske ne kuma na kore ka fa?"

"Sai in koma gida da ƙafata. Yarana su tarye ni a tasha, kada su ji labarina daga gidan yari."

Abu Nayif ya jawo butar gabansa. Sannan ya zuba gahawa a ɗan kofi da hannunsa, ya miƙa wa direbansa, abin da bai taɓa yi ba.

"Da wani ne da ya gudu, ko kuma ya ɗauko ya yi shiru. Kai ka zo ka faɗa mini a idona." Ya tura masa makullin. "Duk ran da na ce ka ɗauko abin da doka ta hana, ko ni ne, ka sake ajiye mini shi a nan. Yanzu sha ka tashi, ɗana, jirgi ba ya jira."

Issoufou ya karɓi kofin da hannu biyu. Gahawar ɗaci gare ta kamar kullum, amma ya shanye ta tas, ƙwalla cike da idonsa.